Jakin Mai Ruwa Ma Ya Je Arfa

Misfala, Makka,
Ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga autana Yunusa.

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka a tsaye da ƙafafunka, ba a kwance kana rungume da bokiti ba. Allah ya kai ka Jizan lafiya, ya tsare ka a tudu, ya tsare ka a ruwa, ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronsa. Amin.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Na rubuta ne don in na yi maka magana baki da baki sai ka yi ta cewa "tayyib, Abuya, tayyib", idonka na kan waya, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Larabci haɗiye shi kake yi ba tauna. Hausa kuwa sai ka bi ta da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, kuma abin da aka tsinta a hankali ya fi zama. Ban da haka, in takardar ta faɗa hannun kyaftin ɗinku, ba zai san abin da na ce a kansa ba. Zan sa ta ƙarƙashin kwalbar yaji a jakarka, don nan ne na tabbata hannunka zai je. In ka ga rubutun yana rawa, hannun ne. Hankalin yana nan daram.

Ka tuna ranar da ka kawo mini labarin aikin nan. Maƙwabcinmu Idi mai tsire ya hawo shan shayi. Ka shigo kana murmushi ka ce, "Abuya, na sami aiki a jirgin kamun jatan lande."

Na ce, "Madalla. Kai ne mai jefa taru?"

Ka ce a'a.

"Mai jawowa?"

"A'a, Abuya. Muraƙib ne ni."

Idi ya ajiye kofi ya ce, "Me ke nan da Hausa?"

Ka yi ta laluben kalma, daga baya ka ce za ka zauna ka ga abin da tarun ya kamo, ka auna, ka rubuta. In an kamo abin da hukuma ta hana, kamar kunkurun teku, shi ma ka rubuta.

Idi ya ce, "Wato ɗan kallo." Ya juyo gare ni. "Haruna, ɗanka ya yi digiri ya sami aikin da nake yi kyauta a bakin titi tun kafin a haife shi."

Ba ka ji haushi ba, don ka san Idi. Ka bayyana mana cewa kallon mataki ne. Wanda ke son lasisin kyaftin sai ya tara kwanaki a teku kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Ka ce shekara biyu za ka yi kana tarawa, ka ci jarrabawa, ka nemi jirgi a Jidda, kowace Juma'a ka zo mu yi salla tare. Na tambaye ka wa ya ce maka za a ƙirga kwanakin mai kallo. Ka ce, "Ai a ruwa nake, Abuya. Ruwa ruwa ne."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, don ni ma na taɓa faɗar 'yar'uwarta ina da shekarunka.

Amma bari in fara da teku, tunda shi za ka fara haɗuwa da shi. Mu mutanen Gumel ruwan da muka sani na rijiya ne, sai an yi ta jan igiya kafin a gaisa da shi. Iyakar sanina da teku ƙetarawa ɗaya ce, daga Sudan zuwa Jidda, ina saurayi. Kuna yara nakan ce muku na taimaka wa ma'aikatan jirgin. To ga taimakon. Da muka hau, na matsa kusa da nahuda, wato shugaban jirgin, na sanar da shi cewa na yi makarantar Midil a Kano, na iya lissafi, na san taswirar duniya, in yana bukatar wani abu ina nan. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya nuna mini wani buhun albasa, ya ce in zauna a kai kada ya gangara. Aikin da na yi ke nan, kuma ban yi shi da kyau ba, don da jirgin ya fara rausaya ni da buhun tare muka gangara. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ce ta yi ta yi mini fifita da faifai tana cewa, "Sannu ɗan boko, ashe karatun ba ya hana amai."

Saboda haka in ka hau, kada ka ambaci digirinka sai an tambaye ka, kuma ba za a tambaye ka ba. Ka ci busasshen burodin tamis, ka riƙe lemon tsami a aljihu, ka bar yajin nan sai cikinka ya zauna. In abin ya taso maka, ka duba inda iska ta nufa kafin ka buɗe baki. Wannan shi ne dukan ilmin tekun da na mallaka, kuma a kan rigar nahuda na koye shi.

Jirgin nan ya yi ta jan jiki, iska ta yi ta wasa da mu, har muka iso Makka ana naɗe tantuna, alhazai suna sayen tsaraba. Hajjin da na baro gida dominsa ya wuce. Na ce ba komai, sai in zauna in jira na baɗi. Kafin baɗin sai an ci abinci, don haka na nemi aiki wajen wani muɗawwifi, mai saukar da alhazan ƙasarmu yana yi musu jagora. Da ya ga na iya rubuta lamba ta boko da ta Larabci, ya ba ni fensir da allon katako mai maƙale takarda. Aikina in tsaya a ƙofar mota in ƙirga kawunan da suka shiga, in zauna gaba kusa da direba, in an isa in ƙirga kawunan da suka fito. Ka ga, kai ba kai ne muraƙib na farko a gidan nan ba.

Baɗi ta zo, na je Mina, na je Arfa, na kwana Muzdalifa, da jallabiyata da hulata da fensir a bayan kunne. Baɗin baɗaɗa haka. Na kewaya Ka'aba ba iyaka ina neman tsofaffin da suka ɓata. Na yi Safa da Marwa a guje ina riƙe da takalman mutane. Wasiƙun gida suka fara zuwa da "Alhaji Haruna" a bayan ambulan, ni kuma na duba na ga ba ƙarya a ciki. Na ji malamai suna cewa hajji shi ne Arfa, ni kuwa ga ni a Arfa duk shekara. Arfa Arfa ce.

Haka na zauna har na ga mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, na je neman aurenta wajen kakanka Malam Tanko. Ba ka riske shi ba. Ɗan ƙaramin tsoho ne mai magana a hankali, kamar yana tsoron kada ya tashi wani daga barci. Muna zaune a ƙofar gidansa a nan Misfala, wajen da aka rushe yanzu aka dasa otal, ya ce, "Alhaji Haruna, hajjinka nawa?"

Na gyara zama na ce, "Baba, ai na daina ƙirgawa."

Ya ce, "Mai ƙirga ya daina ƙirga. To madalla. A ina kake ɗaura harami?"

Na ce, "Baba, ai mazaunin Makka ba ya fita zuwa miƙati."

"Haka ne. Daga ɗakinsa yake ɗaurawa. Kai a wane ɗaki ka ɗaura?"

Na kama gyaran hulata.

Ya ce, "Bar wannan. Ranar fita Mina, in ka sa ƙafa waje, me kake ƙudurtawa a ranka?"

Na yi tunani na faɗi gaskiya. "Nakan ce Allah ya sa kada ko ɗaya ya ɓace mini."

"Addu'a mai kyau. Ta makiyayi ce. Jifa fa, kana yi?"

Nan na sami ƙarfi. Na ce, "Ina yi, Baba, har kafaɗata ta yi tsami."

"Da duwatsun wa?"

"Na tsofaffin da ba su iya shiga turmutsutsu."

Daidai lokacin wani mai sayar da ruwa ya zo wucewa da jakinsa. Kakanka ya bi jakin da ido har ya kusa shan kwana, sannan ya ce, "Ka ga wancan? Ya riga ka fara zuwa Arfa, bai taɓa fashi ba, ya ma fi ka daɗewa a rana. Ka taɓa jin an ce masa Alhaji?"

Daga bayan labule na ji wata dariya da aka toshe da mayafi. Wannan ne karo na farko da na ji dariyar mahaifiyarka.

Kakanka bai kore ni ba. Ya ce in je in sauke farali, in na dawo mu yi magana. Hajji kuwa bai daɗe da wucewa ba, sai na jira shekara ta zagayo. A cikin wannan shekarar wani mai shagon turare ya riƙa zarya a layin, kowace yamma da sabon ƙamshi, ni kuwa ina warin man mota. Allah ya taimake ni ƙamshin yana sa kakarka atishawa. Da lokaci ya yi na ajiye fensir, na ɗaura harami a ɗakina, na yi niyya da ƙarfi har maƙwabta suka ji, don kada a sake samun gardama. Na sauke farali, aka ɗaura aure. Har ta bar duniya, in na fara cika baki a gaban baƙi, mahaifiyarka ba ta katse ni. Sai ta miƙo mini shayi ta ce a hankali, "Malam, ko ka ji labarin jakin mai ruwa?"

Abin da nake so ka duba shi ne wannan. Malamai cike da Harami, kowane ginshiƙi da nasa, tambaya kyauta ce, amma shekara da shekaru ban tambayi kowa ba. Amsar da na ba kaina ta yi mini daɗi, ina tsoron kada wani ya ɓata mini ita. Kai ma na ga alamar haka a fuskarka da ka ce ruwa ruwa ne.

Niyya kafin aiki ake yin ta, ba a ɗaura ta daga baya. Kafin ka taka jirgin nan, ka je ofishin da ke ba da lasisin, da ƙafarka. Kada ka tambayi abokanka na waya, kada ka tambayi mai gadi, kada ka tambayi wanda ya ɗauke ka aiki shi kaɗai, don shi mutum yake nema, zai ce maka har kwanakin wankanka a bahon gida za a ƙirga. Ka nemi mai hatimi. Ka ce masa, ni sunana ba ya cikin ma'aikatan jirgi, wani kamfani ne ya ɗora ni in yi kallo in rubuta, kwanakina suna shiga lissafi ko ba sa shiga? In suna shiga, duka ko rabi? Wace shaida kuke so, wa zai sa mata hannu? Abin da ya faɗa ya rubuta maka, ya buga hatimi. Maganar baki a ofis kamar alwalar mai barci ce, ba ta kai wa gobe.

Kada ka ɗauka ban yi nawa binciken ba. Idi yana da ɗan'uwa da ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa ta Jidda. Muka kira shi da wayar nan da ka saya mini, shi kuma ya haɗa mu da wasu. Ashe su ma mutanen ruwa suna da mazhabobi. Na farko ya ce mai kallo ba ma'aikacin jirgi ba ne, baƙo ne da ya zo da kwanonsa, ko shekara goma ya yi ba a rubuta masa komai. Na biyu ya ce ana iya karɓar wani abu daga ciki, in kyaftin ya shaida cewa mutum ya yi aikin jirgi da hannunsa, ya karɓi gadi, ya riƙe sitiyari, ya ɗaure igiya. Na uku ya ce ya danganta da irin lasisin da girman jirgin da nisan da yake yi daga gaɓa, sannan ya ce in zo gobe. Na ce masa daga Makka nake kira, kuma da sanda nake tafiya. Ya ce to in zo jibi. Ban san wanne ne a kan daidai ba, kuma ba zan yi maka fatawa a kan abin da ban sani ba. Na san dai biyu daga cikin ukun ba su ce ruwa ruwa ne ba, na ukun kuma bai ce komai ba.

Maganar na biyun, ta sa hannun kyaftin, ita ta tuno mini da Abu Shanab. Direban motar da nake zama kusa da shi ke nan, sunan kuwa saboda gashin bakinsa ne, wanda yake shiga mota kafin shi. Yana da wata al'ada. In mun fito daga gari sai ya tsaya ya ɗora wasu mutane a kan rufin mota, waɗanda ba namu ba, abin da suka ba shi ya zuba aljihu. Ni kuma an ce in ƙirga kawuna, ba a ce na ciki kaɗai ba. Na ƙirga har na sama na kai wa muɗawwifi. Aka kira Abu Shanab aka wanke shi tas. Bai ce mini komai ba. Ya ci gaba da ba ni dabino da safe kamar yadda ya saba.

Bayan wani lokaci sai na ga direbobi sun fi mu daraja, na yi sha'awar lasisin tuƙi. Na lissafa shekarun da na yi a kujerar gaba, na ga babu abin da direba yake yi da ban gani ba. Na san ƙarar da mota take yi in tana son a canja giya. Na san kowane rami tsakanin Makka da Mina. Na je wajen Abu Shanab na ce ya rubuta mini shaida cewa na koyi tuƙi a hannunsa.

Ya murza gashin baki ya ce, "Ya Haruna, kai da kake ganin har abin da ke kan rufi? Wace shaida kake nema? Ga makulli. Kai ta bakin layin can ka dawo, in sa maka hannu da hagu da dama."

Na hau. Na zauna inda na daɗe ina kallo. Sai na tarar idona ya san komai, ƙafafuna ba su san komai ba, don su ba su taɓa kallo ba. Motar ta yi tsalle kamar akuyar da aka taka wa wutsiya, ta ƙi bakin layi, ta nufi rumfar wani mai sayar da ful, wato dafaffen wake. Allah ya tsare, mutumin ya yi tsalle gefe, amma tulun ful ɗinsa ya tafi. Ka san yadda wake yake in ya kwana a wuta. Ya malale titi, kuliyoyin unguwa suka yi walima. Abu Shanab ya tako a hankali, ya leƙo ta taga, ya ce, "Rubuta, ya muraƙib. Tulu ɗaya." Daga ranar ban sake zama bayan sitiyari ba, kuma wata guda ina wanke wa mai ful kwanuka.

Daga wannan ka ɗauki abin da ya fito fili, cewa kallo ba iyawa ba ne. Ko ofis ya yarda ya ƙirga maka kwanakin, teku ba ya karanta hatimi. Amma akwai wanda bai fito fili ba, shi ne ya fi damuna. Mutumin da za ka rubuta laifinsa da safe, shi za ka miƙa wa takarda da yamma ka ce ya shaide ka. Wata rana taru zai fito da kunkuru, kyaftin zai dube ka, kai ma ka dube shi, ku duka kun san akwai wata takarda da ke jiran sa hannunsa. Ba zai ce maka komai ba. Wataƙila ma dabino zai ba ka.

Ka rubuta kunkurun, Yunusa. Ban yi nadamar ƙirga mutanen kan rufi ba, don shekarar da ta biyo wani ya faɗo daga rufin wata motar, ba tamu ba. Kuskurena shi ne na kai ƙarar mutum a ɓoye, sannan na dawo neman alfarma wajensa kamar ba abin da ya faru. Kai ka gaya wa naka kyaftin tun ranar farko, ido da ido: abin da na gani zan rubuta, kuma ina son in koyi aikin jirgi, in ka yarda ka koya mini, in ba ka yarda ba mu rabu da mutunci. Ka kuma tambayi masu biyanka albashi ko sun yarda ka taɓa igiya da sitiyari, don mai yiwuwa sun ɗora ka ne da sharaɗin hannunka ya tsaya kan alƙalami. Taura biyu ba ta taunuwa. In kana jan taru, wa ke ƙirga abin da ke cikinsa?

Wata ƙaramar shawara kuma. In ma'aikatan jirgin sun tambayi sunanka, ka ce musu ɗan Haruna. Mutanen ruwa suna da camfi, kuma sun san tarihin mai asalin sunanka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ba na son hadari ya taso su fara kallonka suna shawara.

Yanzu ga abin da na yi ta kewaye-kewaye ban faɗa ba. Ka ce shekara biyu. Na karɓa, na kuma yi lissafina a kanta, ni da likita da ƙafafun nan. Shekara biyu ina jin zan iya, in Allah ya so. Abin da ba ni da shi shi ne biyu sau biyu. In ka je ka yi su, ka dawo ofis aka nuna maka jakin mai ruwa aka ce ka sake daga farko, kai kana da wata shekarar da za ka jira, kamar yadda na jira mahaifiyarka. Ni ban san ko Juma'ar da ka yi mini alkawari za ta same ni ba. Shi ya sa nake matsa maka ka tambaya yanzu.

Ba zan ɓoye maka ba, da mutumin farko ya ce ba a ƙirgawa, sai da na ji wani sanyi a raina. Na ce shi ke nan, yaro zai fasa, ya zauna. Na kwana biyu ina jin daɗin wannan amsar, sannan na gane ta. Irin amsar nan ce mai daɗi da ba a son a tambayi malam a kanta. Saboda haka ka ji da kyau. In mai hatimi ya ce kwanakin mai kallo ba sa shiga, kada ka dawo Misfala ka ce ka dawo saboda ni. Ka tambaye shi aikin da yake shiga. In wankin doron jirgi ne da jan igiya, ka ninke digirinka ka sa a ƙasan jaka, ka karɓi tsintsiya, a rubuta sunanka cikin ma'aikata. Idi zai yi dariya, amma Idi ko kyaftin ka zama zai yi dariya. Ka ɗaura haraminka daga ɗakin da ya dace, ka yi niyya da ƙarfi maƙwabta su ji.

Ni kada ka damu da ni. Yayarka Safiya ta ce za ta riƙa zuwa daga unguwar Rusaifa da abinci, ta kuma ɓoye gishiri inda take zaton ban sani ba. Idi yana hawowa kullum, ko don ya sami wanda zai yi wa gardama. Ƙaton agogon nan da suka kafa a saman bene kusa da Harami ya ishe ni sanin lokacin magani, ko ban so ba ta taga yake leƙo ni. In ka sami layi, ka aiko mini da murya a waya, ba rubutu ba, kuma da Hausa, ko ta karye. Ina son in ji yadda za ka ce jatan lande kana cikin amai.

Saura abu ɗaya. Tun da mahaifiyarka ta rasu, kowace la'asar kana zama a kujerar nan ta bakin gado. Ba ka iya girki ba, ba ka iya hira ba, rabin lokacin idonka na kan waya. Amma ina lura, in na yi tari kana ɗago kai. In na kai hannu ga ƙwayar da ba ita ba kana cewa "la, Abuya, farar ƙwayar tukuna." In da gaskiya za a bi, kallo kawai ka yi. To akwai ofishi ɗaya da na san hukuncinsa ba sai na kira kowa a Jidda ba, don ni ne mai hatimin, ni ne kuma jirgin. Ga shaidarka, ka riƙe:

Ni Haruna ɗan Gumel, tsohon kwalekwale mai yoyo, wanda aka ɗaure a Misfala, na shaida cewa Yunusa ya yi aiki a kaina. Ya karɓi gadi bai yi fashi ba. Kwanakinsa duka sun shiga, ba a rage ko ɗaya ba. Na sallame shi da hannuna, ba ya bina komai, ba na binsa komai sai addu'a.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya kwantar maka da teku, ya tausasa maka zuciyar kyaftin, ya sa mai hatimi yana kan kujerarsa ranar da ka je. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya dawo mini da kai ko da lasisi ko da tsintsiya. In ka zo ka tarar da ni, mu tafi Juma'a tare, kai ne mai tura ni a keken guragu. Wannan tuƙin na yarda ka iya.

Ka duba iska.

Mahaifinka,
Haruna.